Guɗar Umma a Wasan Turawa

Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, don labarin da na zo da shi ni ce mai laifi a cikinsa, kuma ba sai an gaya min ba. Masu rubuta min a ƙasa cewa "Areej kin cika wayo," to ku gyara zama, wayon ya ƙare ranar Asabar da ta wuce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Areej, shekarata ashirin da bakwai, a Sa'alaba aka haife ni, nan kudancin Jidda. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa ya zo sauke farali, ya sauke, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. To hutun nan ne muke yi har yau. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori. Baba ya rasu shekara tara ke nan, saura ni da Ummata a ɗaki biyu da falo, sai ƙanwar Baba, Gwaggo Zaituna, wadda take zaune a unguwar Kurayyat amma kunnenta yana gidanmu.

Sai kuma Mohannad. Shi yake zuwa gyara mana kujerun haƙori in sun ƙi tashi, kuma tunda ya gan ni kujerun nan suka shiga lalacewa duk mako. Hausawan Sudan ne su, a unguwar Safa suke zaune, gidan bene mai lif da mai gadi. Ranar Alhamis ɗin nan aka sa manyansa za su zo gidanmu neman aurena. Ina son sa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Kuma wata takwas ke nan ina riƙe da ƙarya guda ɗaya a tsakaninmu: ya tambaye ni sana'ar Umma, na ce masa tela ce.

In za a bi ta bayan gida ba ƙarya ba ce, don yanzu ɗinkin abaya take yi. Amma shekara ashirin da takwas Ummata daggaga ce. Ku na gida da ba ku san kalmar ba, ita ce macen da ake ɗauka ta yi waƙa da kiɗan mandiri a bikin mata, ita da 'yan amshinta. Daga Sa'alaba zuwa Kurayyat har Makka, in aka ce Zubaida Daggaga ba a ƙara bayani.

A cikin wannan na tashi. Duk ranar da suke da biki, tun la'asar gidanmu yake cika. 'Yan amshinta su huɗu su zo da jakunkunansu, a hura gawayi a kasko, a jera mandiran a gefensa su sha ɗumi har fatar ta ɗaure. Ni nake juya su. Umma ta zo ta ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya, ta kara kunne, ta ce, "Saura kaɗan." Ƙanshin fatar da ta ji wuta, da na turaren wuta, da na shayin yansun da take kurɓa saboda murya, har yau in na ji ɗaya sai hancina ya shiga neman sauran. Tana da wata koriyar riga mai duwatsu a wuya, nauyinta ya kai na bargo, in ta sa ta sai ta ƙara tsawo a idona. Baba ya kwashe su a tsohuwar motarsa yana tsokanarta, "Hajiya, a dai rage mana muryar da za a yi mana faɗa da ita gobe." Washegari in farka in tarar da alewar biki a ƙarƙashin matashina, Umma kuwa murya ta dishe, da hannu take min magana har azahar.

Yawancin waƙoƙinta da Larabci ne. Amma in amaryar tamu ce, lokacin da za a fita da ita sai ta juye Hausa, ta sauke murya, ta raka ta har bakin ƙofa. Na sha ganin tsofaffin da suka shekara hamsin ba su ga gida ba suna share ido da bakin mayafi.

Abin da ban gane ba ina yarinya shi ne, mutane suna son daggaga a bikinsu, ba sa son ta a danginsu. Ina da shekara ashirin da ɗaya wani ya fito, magana ta yi nisa, uwarsa ta yi bincike, sai aka aiko mana da "Allah bai yi ba." Matar nan da idona na taɓa ganin ta tana rawa a gaban Umma har ɗankwalinta ya faɗi. Kwana biyu da wannan Gwaggo Zaituna ta diro gidanmu, ko abayarta ba ta cire ba.

"Zubaidatu, ki zaɓa," in ji ta. "Ko mandiri ko auren 'yarki. Yayana ya tafi, babu mai tsaya muku. Halas, magana ta ƙare, ni na faɗa."

A makon Umma ta raba wa 'yan amshinta mandiran, ta kyautar da koriyar rigar, ta je kasuwar Balad ta sayo keken ɗinki. Ga laifina na farko, kuma yau na fara faɗar sa: daɗi na ji. Ko da wasa ban ce mata "Umma kar ki bari" ba. Shekara shida ke nan, ko a wanke-wanke ban ƙara jin ta ɗaga murya ba.

To ina wasan Turawa ya shigo? Akwai wata nas 'yar Filifin a wurin aikinmu da take kunna wata waƙa kullum in tana wanke kayan aiki. Tun ina jin haushi har na fara jiran ta. Na tambaye ta, ta ce daga wani shahararren wasan dandali ne, irin wanda ake yin labarin gaba ɗaya da waƙa, an shekara da shekaru ana yin sa a manyan birane. Ba zan kira sunansa ba, kada ku ce talla nake musu.

A cikin wasan akwai wata mata mai sayar da tikitin jirgin ruwa a wani ƙaramin gari. Shekara talatin tana zaune a bayan taga, kowa ta hannunta yake bi ya tafi, ƙawayenta, ƙaninta, har mutumin da ta so, ita kuwa ba ta taɓa hawa ba. Ranar da jirgin ya yi zuwansa na ƙarshe sai ta rufe tagar, ta fito bakin ruwa ita kaɗai, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa kowa kayan da ke jikinsa ranar da ya tafi. Waƙar ke nan. Na daɗe ina mamakin yadda mutane suke sayen tikiti don kawai su je su yi kuka, sai da na tuna ƙawayena nawa iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare na raka su filin jirgi. Wanda ya tashi a Jidda bai buƙatar a fassara masa rakiya.

Wata rana ina jin ta a falo, sai na ji keken ɗinki ya tsaya.

"Sake sa min," in ji Umma.

Na sake. Ba ta jin Turanci ko na sayen ruwa, amma ta karkata kai kamar yadda take yi wa mandiri a da.

"Me take cewa?"

Na ba ta labarin. Ta cire zaren da ke bakinta.

"Ta iya," ta ce. "Kin lura ita ba ta kuka? Shi ya sa kuke yi. Mai waƙar da ta riga jama'a kuka ta ɓata aikinta. Kuma ɓarauniya ce, kin ji inda ta saci numfashi? A tsakiyar suna ta sace shi, ba wanda zai kama ta."

Daga ranar, in ɗinki ya yi mata yawa sai ta ce, "Areej, sa mana mai tikitin nan."

Ana haka aka kawo wasan Jidda. Ranar Talata ina wurin aiki saƙon Mohannad ya shigo, hoton tikiti huɗu.

"Asabar ƙarfe huɗu. Ni, ke, Ummi, da Khala Zubaida. Gara su ga juna kafin Alhamis ta sama, kar su haɗu kamar a kotu."

Ummi mahaifiyarsa ke nan, Khala Zubaida kuwa Ummata. Na rubuta, "Umma ba ta son hayaniya."

"Ke kika ce min kullum sai ta ji waƙar. Yalla ya Areej, kar ki ɓata min shiri."

Bakina ne ya ja min. Na yi ta tunanin dabarar da zan yi, ban samu ba, kuma da na gaya wa Umma sai na ga idonta ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Nan take ta ce za ta ƙarasa abayarta mai ruwan bula da ta ajiye don Alhamis.

Gwaggo Zaituna kuwa da ta ji, a waya ta yi mana huɗuba, na sa ta a lasifika.

"Zubaidatu, ki zauna kamar an dasa ki. Ban da kaɗa ƙafa, ban da gyaɗa kai. In an tambaye ki, ke allura kika sani. Uwar yaron nan tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, irinsu daga tafiyarki suke karanta ki."

"Na ji, Zaituna."

"Ke kuma Areej, ki sa mata ido. Daga Asabar saura kwana biyar, kar a yi ɓarin da ba a kwashewa."

Ranar Asabar Umma ta fito cikin abayar nan, ta yi mata aikin zare siriri a hannu, ta ɗaura baƙin mayafi, ta shafa turarenta na oud da take ɓoyo a cikin akwati. Ni na sa mai ruwan zaitun da takalmi mai ɗan tsini wanda na yi nadamarsa tun a matakala. Mohannad ya zo ɗaukar mu cikin farar tobe, doguwar rigar nan ta Larabawa, an yi aski, sai ƙamshi yake. A gaban motar ga mahaifiyarsa, Khala Sadiyya, doguwa, abaya ruwan toka ba ko ɗigon ado, tabarau da siririyar sarƙar zinare. Hausarta irin ta Sudan ce, a hankali take ajiye kowace kalma. Suka gaisa da Umma, aka tambayi gida, aka tambayi zafi. Ta yaba ɗinkin abayar, Umma ta ce aikin hannunta ne, na sauke ajiyar zuciya.

Muna zaune a ɗakin wasan kafin a fara, sanyin na'ura yana ratsa mu, Khala Sadiyya ta dubi makaɗan da ke ƙasan dandali suna gwada kayansu.

"Kin ga wannan shi ne fanni, fasaha ta gaske," ta ce wa Umma. "Kowa da takardarsa a gabansa, an yi karatun abin. Ba irin hayaniyar daggagat ɗinmu ba, a yi ta dukan fata har kai ya yi ciwo."

"Haka ne, Hajiya," in ji Umma.

Ni kuma, Allah Ya yafe min, har da 'yar dariyata.

Aka kashe fitilu. Ba zan iya ba ku labarin wasan duka ba, ni dai na san ban taɓa ganin abu irinsa ba. Jirgin ruwa sukutum ya shigo dandali, mutum arba'in suna waƙa baki ɗaya ba wanda ya riga wani. Amma rabin hankalina yana kan Umma. Tun waƙa ta biyu na ga yatsunta sun fara aiki a kan gwiwarta, tana bin kiɗan, har tana ƙara masa nata. Na ɗora hannuna a kan nata na danne. Ta dube ni, ta janye hannun, ta cusa shi cikin hannun abaya.

Can wajen ƙarshe aka zo wurin. Dandali ya yi duhu, saura haske ɗaya, ga matar ta rufe tagarta ta fito. A waya na san waƙar, amma a gabanka wani abu ne daban. A hankali ta fara, kamar mai magana da kanta, tana kiran sunayen. Na ji ana jan hanci a bayanmu. Mohannad da yake cewa shi ba ya kuka ya shiga gyaran tabarau ɗin da ba shi da shi. Ni Baba na tuna, da rigar da ke jikinsa ranar da aka kai shi asibiti. Muryar matar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ta kai sunan mutumin da ta so, sai ta tsaya cak. Makaɗa suka tsaya. A waya shirun nan bai fi ƙiftawar ido ba, amma a dandali ta ja shi, mutum fiye da dubu ba mai ko tari.

A cikin wannan shirun Ummata ta rangaɗa guɗa.

Ku tsaya in gaya muku, kafin ku yi mata dariya. A aikinsu, in mai waƙa ta kai ƙololuwa ta tsaya, ba a barin wurin ya yi shiru. 'Yan amshi ne suke rufe ta da guɗa, ta samu ta ja numfashi ta dawo. Barin ta a shiru cin fuska ne, kamar an ce ba ta da kowa. Umma ta shekara ashirin da takwas a kan wannan ƙa'ida, ta ga mace ita kaɗai a tsakiyar fili ta ba da duk abin da ke ƙirjinta, kuma ba wanda ya tare ta. Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta.

Kuma guɗar Umma ba irin ta kowa ba ce. Hawa uku take yi, kowane ya fi na baya tsini, sannan ta karya ta a ƙarshe ta sauko da ita a hankali. Ɗakin nan an gina shi don murya, ya kuwa ɗauke ta ya kai ta kowane lungu.

Kawuna suka juyo. Wani ya ce "shhh," wata ta ce "esh hada?", wato mene ne wannan, wasu samari a sama suka fashe da dariya, ma'aikaciyar wurin ta taho da 'yar fitilarta. Matar da ke dandali na ga kafaɗarta ta ɗan motsa, ta juyo da fuskarta wajenmu kaɗan, sannan ta ja numfashi ta ƙarasa waƙarta. Aka tashi tsaye ana tafi. Umma ta toshe bakinta da hannu biyu, idonta a waje kamar yarinyar da ta fasa tulu. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Mohannad yana ta danne dariya, ya sunkuyo ya ce, "Wallahi Khala Zubaida ta fi su duka." Da na saci kallon Khala Sadiyya sai na ga ita ba ta dariya, ba ta tafi. Ta cire tabarau tana kallon Umma.

A harabar waje, mutane suna ta fita ana kiran magariba, ta tsaya a gabanmu.

"Wannan guɗar na san ta," ta ce. "Shekara talatin da biyu, a saman benen kawuna a Kurayyat, ranar da aka kai ni gidan baban Mohannad. Uwata tana Sudan, ba ta samu zuwa ba. Wata yarinya mai koriyar riga ta raka ni har mota da waƙar Hausa, ta yi wannan guɗar a bayana. Ban ƙara jin irinta ba sai yau." Ta matso. "Ke ce Zubaida Daggaga."

Ban iya karanta fuskarta ba, wallahi. Ba fushi, ba murmushi.

Umma ta sunkuyar da kai. "Kama ce, Hajiya," ta ce. "Ana yawan gaya min. Ni tela ce, allura kawai na sani. Ki yi haƙuri da abin da na yi a ciki, ƙauyanci ne."

Na sha jin mutane suna cewa zuciyarsu ta karye, ranar na san abin da suke nufi. Matar da in ta shiga gidan biki ake tashi tsaye, ita ce take tsaye a gaban mutane tana cewa ba ita ba ce, har tana kiran kanta baƙauya, duk don a aure ni. Kuma kalmomin da take faɗa ba nata ba ne, nawa ne, ni na fara faɗar su wata takwas da suka wuce. Kunya ta kama ni, ba kunyar guɗar ba, kunyar kaina.

"Ita ce, Khala," na ce.

Umma ta damƙi hannuna. "Areej."

"Ita ce. Zubaida Daggaga uwata ce. Da mandirin nan aka ciyar da ni, da shi aka sa ni a makaranta. Saboda ni ta bari, kuma ni ce na ce wa Mohannad tela ce, ba ita ba."

Khala Sadiyya ta mayar da tabaranta, ta juya wajen ɗanta.

"Ka sani?"

Dariyar ta riga ta bar fuskar Mohannad. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "La, ya Ummi. Ban sani ba."

"Tayyib," ta ce. "Yalla, magariba tana wucewa."

Ya ce mu zo ya sauke mu, Umma ta ce a'a, mun gode, akwai inda za mu biya. Babu inda za mu biya. Tasi muka hau.

Har muka bar arewacin gari Umma tana kallon taga. Sai da muka fara shiga unguwanninmu, inda ake jin ƙanshin gasa nama da na burodin tamis, sannan ta juyo.

"Wa ya aike ki?"

"Umma..."

"Na ce wa ya aike ki? Shekara shida ina haɗiye sunana, na haɗiye shi yau a gaban matar nan, ya wuce, ke kuma kika sa hannu kika tono shi. Kin ɗauka daɗi nake ji? In yaron nan ya tafi, me na yi ke nan da shekara shidan?"

"Ban iya jin kina cewa ba ke ba ce."

"To da sai ki toshe kunne! Ni uwa ce, an halatta min." Ta share ido da bakin mayafi. Can ta ce, a hankali, "Yarinyar nan ce ta ba ni tausayi. Ta kai har can sama, ta waiga, ba kowa a bayanta. Mutum dubu, a rasa mai rufe ta." Ta girgiza kai. "Na ɗauka ma guɗar ta mutu a wuyana."

"Ba ta mutu ba, Umma. Har bene na uku an ji."

Ta kai min duka a cinya, tana hawaye tana dariya. "Marar kunya. Halin ubanki."

Muna shiga gida wayata ta fara ruri, Gwaggo Zaituna. Na san labari take so, na kife wayar. Muka yi sallah, Umma ta cire abayar ta rataye ta da kyau, ta shiga kicin ta ɗora shayi kamar ba abin da ya faru. Ni na zauna a bakin gado da takalmin da ya cinye min ƙafa a hannu, ina jiran saƙo ɗaya. Sai bayan isha'i ya shigo.

"Areej, ni kiɗa bai dame ni ba, da kin gaya min tun farko da dariya zan yi. Amma wata takwas? Kin bar ni na tsaya a gaban Ummi kamar wawa. Me kuma ban sani ba?"

Na rubuta dogon bayani na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura masa, "Babu komai, wallahi. An taɓa gudu na saboda wannan, na ji tsoro kar kai ma ka gudu. Na yi kuskure."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na ce masa, "Alhamis fa?" Wannan ma ya karanta, bai amsa ba. Na san ina da laifi, amma duk da haka na ji haushinsa, na kuma ji tsoron da ban taɓa ji ba, don wancan na farko da ya tafi ban so shi ba, wannan kuwa ina son sa.

Ina nan zaune wayar ta yi ƙara a hannuna. Baƙuwar lamba. Na ɗauka da sallama.

"Areej?" Muryar nan mai ajiye kalma ɗaya-ɗaya. "Sadiyya ce, uwar Mohannad."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Na'am, Khala. Khala, don Allah ki bari in yi miki bayani, laifin..."

"Ba ke nake nema ba, ya binti. Taki maganar tsakaninki da ɗana ce. Ba ni mahaifiyarki."

Na fito falo da wayar a hannu. Umma tana tsaye a ƙofar kicin da butar shayi, ta ga fuskata ta gane. Na rufe bakin wayar da tafin hannu na ce, "Ita ce. Umma, in kin ga dama ki ce ba kya nan, ni zan..."

Ta ajiye butar. Ta goge hannunta a zaninta, ta gyara ɗankwali kamar matar tana ganin ta, ta karɓi wayar ta nufi ɗakinta. Na bi ta, ta ɗaga min hannu, in tsaya inda nake. Kafin ƙofar ta rufu na ji ta gyara murya, ba ƙasa-ƙasa kamar ɗazu ba, da cikakkiyar muryarta.

"Wa alaikumus salam, Hajiya. Na'am, Zubaida Daggaga ce. Ina jin ki."